Ƙusar Malam Bahago

Akwai wata malamar makaranta a cikin birnin Zariya, a unguwar Ƙofar Jatau, ana kiranta Malama Barira. Shekara ashirin da biyu ta yi tana koyar da 'yan aji ɗaya a wata makarantar al'umma da ke Limancin Kona. Akwai magidanta a unguwar da ita ta kama hannunsu suka rubuta baƙin farko, yau kuma 'ya'yansu ne zaune a gabanta.

Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidan mahaifinta, marigayi Malam Bahago, tana zaune da mahaifiyarta, Inna Delu. Gidan irin na da ne, ginin ƙasa, kaurin bangonsa ya kai kamu biyu. Kafin ka isa tsakar gida sai ka ratsa zaure, ka ratsa shigifa, wato ɗakin nan na biyu da ke tsakanin zaure da cikin gida.

A farkon damina shugaban makarantar ya tara malamai. Ya ce sun haɗa kai da wata ƙungiya mai horar da malamai, kowa zai yi jarrabawa nan da mako uku. Ta intanet za a yi ta, awa ɗaya, mutum shi kaɗai a ɗaki, a gaban kwamfuta, kyamara a buɗe. Ba a yarda da waya ba. In hoton mutum ya ɗauke fiye da minti biyar, an soke tasa.

"Wanda bai samu takardar shaidar cin jarrabawar ba," in ji shugaban, "za mu ɗauke shi daga aji mu ba shi tsaron sito."

Barira ba ta ji tsoron tambayoyin ba. Ta duba takardun da aka raba, ta ga abin da take yi kullum ne aka sa wa sunaye masu tsawo. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne ita ko kunna kwamfuta ba ta taɓa yi ba. Ta tuna ƙurar sito da tarin karyayyun bencina, ta tuna yaranta arba'in da ɗaya. Ta ce a ranta, da ranta da lafiyarta ba za ta bar allo ta koma gadin tsintsiya ba.

'Yarta Umaima, da ke aikin jinya a Gombe, ta aiko mata da tsohuwar kwamfutarta ta tafi-da-gidanka, da 'yar na'urar intanet da ake kira maifai, mai kama da sabulun wanka. Saura mai haɗawa.

Sai ta kira Suhail, ɗan kawunta, wato taubashinta. Yana da shagon wayoyi a Ƙofar Doka, kuma shi ya laƙa wa kansa sunan Injiniya. Matarsa Zakiyya ma malama ce a makarantar, tana koyar da aji huɗu, ita ma jarrabawar na jiranta.

Ya zo da la'asar yana kaɗa makullin babur. Aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida. Barira ta zauna gefe da sabon littafi da biro.

"Wannan littafin fa?" ya tambaya.

"Rubutawa zan yi, don in ba ka nan in iya."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Malama, wannan ba A da Ba ba ne. In na tsaya yi miki bayani sai mu kai Babbar Sallah."

Yatsunsa suka shiga gudu. Ta ce, "Tsaya, me ka danna yanzu?" Ya ce, "Wani abu ne." Ta ce, "Wancan fa?" Ya ce, "Shi ma wani abu ne." Kafin shayinsa ya huce shafin jarrabawar ya buɗe.

"Shi ke nan. Ki kunna wannan, ki ajiye shi ko'ina a gidan, ba ya buƙatar igiya. Kin ga aikin masu ilimin zamani."

Da ya tafi ta duba littafinta. Layi ɗaya ne a ciki: "A kunna, a ajiye ko'ina."

Inna Delu ta ɗauki maifai tana jujjuyawa. "Abu ɗan mitsitsi haka, ga daraja, a bar shi a fili? Kaza ma sai ta ja shi." Ta naɗe shi a ƙyalle ta sa a adakarta ta ƙarfe, inda ake ajiye takardun gida da awarwaron aurenta. Barira ba ta ga laifin haka ba. Ai an ce ko'ina.

Washegari bayan an tashi makaranta ta buɗe adaka, ta kunna maifai, ta mayar ta rufe, ta zauna gaban kwamfuta a ɗakinta. Shafi ya ƙi buɗewa. Ta kashe ta kunna. Shiru. Kwana uku tana haka.

Ta sake kiran Suhail. Ya zo, ya zauna a tabarmarsa ta tsakar gida, ta fito masa da kayan. Ko minti biyu ba a yi ba shafi ya buɗe.

"To ga shi! Kaya ba su da laifi, mai kayan ce sai a hankali."

Yana fita ta kwashe kayan ta mayar ɗaki, maifai ya koma adaka. Shafi ya sake ƙi.

"Wannan abu mai ganin ido ne," in ji Inna Delu. "Sai ya ga mai hula yake aiki."

Barira ta yi murmushi, amma maganar Suhail ta sosa mata rai. Ta zauna bakin gado tana tunani. Sai ta tuna wata yarinya da ta taɓa koyarwa, wadda in an zaunar da ita gaba sai ta karanta allo tas, in ta koma baya sai ta kasa. Malamai sun ce daƙiƙiya ce. Ita kuwa ta tambayi kanta: me ya canja tsakanin gaba da baya? Ashe idon yarinyar ne.

Ta buɗe littafi ta rubuta: "Me ke canjawa in Suhail ya zo?" Ta daɗe tana kallon tambayar. Kwamfutar ita ce, maifai shi ne. Sannan ta rubuta amsa: "Wuri."

Daga ranar ta sa wa kanta doka. Abu ɗaya za ta riƙa canjawa, ta gwada, ta rubuta, sannan ta canja na gaba.

Ta fara da fitar da maifai daga adaka ta ɗora a kan gado. Nan take ta ga wata 'yar alama mai kama da buɗaɗɗen mafici a ƙasan fuskar kwamfutar, ta hannun dama, ta yi haske. Ta mayar da shi adaka ta rufe, alamar ta dushe. Ta fitar, ta dawo. Sau uku ta yi don ta tabbata.

"Inna, adakarki ce ke shaƙe shi. Ƙarfe ba ya barin sabis ya wuce."

"Oh ni Delu! Ashe gata ne ya yi masa yawa."

Ta juya bayan maifai ta ga an manna takarda mai suna da kalmar sirri. Ta danna alamar maficin, ta ga sunan nan a jere da wasu. Sai ta yi ƙarfin hali ta cire haɗin da Suhail ya yi, don ta ga ko za ta iya mayarwa da kanta. Sau biyu kalmar sirrin ta ƙi shiga. A na uku ta lura akwai babban baƙi a tsakiya, ita kuwa ƙarami take sawa. Ta gyara, ya shiga. Ta rubuta da jan biro: "Babba babba ne, ƙarami ƙarami ne." Abin da take faɗa wa 'yan aji ɗaya ke nan kullum.

Amma murna ta koma ciki. Kwamfuta ta ce ta haɗu, shafi kuwa sai juyawa yake kamar dutsen niƙa. Ta kira Umaima ta faɗa mata.

"Mama, duba fuskar maifai ɗin. Sanduna nawa kika gani?"

"Ɗaya. Ita ma tana zuwa tana tafiya."

Nan Barira ta gane abin da ba wanda ya tsaya ya gaya mata. Igiya biyu ce marar ganuwa. Ɗaya daga kwamfuta zuwa maifai, ɗaya daga maifai zuwa ƙarfen sabis da ke can wajen gari. Ta gyara ta farko. Ta biyun ce bangon gidansu ya tare.

Mako guda ta yi tana zagaya gida da maifai a tafin hannu, kamar mai neman inda za a haƙa rijiya. Ta zana taswirar gidan a littafi. Ɗakinta, sanda ɗaya. Ɗakin Inna, babu. Madafi, ɗaya. Tsakar gida, biyu, wani lokaci uku a bakin rijiya. Ta gwada kiran Umaima ta hoto daga bakin rijiyar, sau huɗu kiran ya yanke cikin rabin awa, sannan yayyafi ya kore ta. Ga damina, ga kaji, ga dakan maƙwabta. Jarrabawa kuma a ɗaki aka ce.

Saura kwana shida Suhail ya biyo da Zakiyya gaida Inna. Ya tarar da Barira tsaye a kan kujera 'yar tsugune, hannu a sama.

"Gwaggo, 'yarki ta fara kiran ruwa ne?"

"Sabis take nema," in ji Inna Delu. Sannan ta ce, "Ni kuwa da za ku gwada ƙusar Malam. Duk gidan nan ba inda rediyonsa ke kama tashoshin ƙasashen waje sai a jikinta."

Suhail ya tuntsire da dariya. "Haba Gwaggo! Rediyon Malam da intanet ai kamar jaki da jirgin sama ne. Ku bar wa masu abu abinsu." Ya juya ga Barira. "Ni na haɗa wa Zakiyya babbar kwamfutar tebur, da rauta, babbar na'urar intanet mai ƙaho huɗu. Ke kuwa, taubashiya, ki lallaɓa ki karɓi makullin sito tun da girmanki. Ba kowane tsoho ne zamani ke jira ba."

Zakiyya ta sunkuyar da kai, ta ce a hankali, "Kai dai Injiniya." Inna Delu ta ja carbinta.

Da suka tafi Barira ta je ta zauna kusa da uwarta. "Inna, wace ƙusa?"

"Ke ma dariyar za ki yi?"

"Rubutawa zan yi."

Tsohuwar ta miƙe, ta yi gaba zuwa shigifa, inda tun rasuwar Malam aka mayar wurin jibge tsofaffin tabarmi da buhuna. Ta nuna sama. Can kusa da rufi akwai 'yar taga da ba ta fi faɗin faifai ba, tana kallon gabas. A gefenta na hagu ga wata doguwar ƙusa da ta yi tsatsa.

"Wata guda ya yi yana yawo da rediyo a gidan nan, kamar yadda kike yi. Mutane har sun fara cewa Malam ya taɓu. Ran da ya samu wurin nan, da kansa ya hau turmi ya kafa ta. Kin ga a hagu take, ai Bahago ne. Ya ce nan ne kawai iska ke shigowa ba ta nemi izinin bango ba."

Barira ta mirgino turmi ta kife. Ta sa maifai a tsohuwar jakar carbin Malam, ta yi bismilla ta hau, ta rataye. Ta leƙa fuskarsa. Sanda ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu, suka tsaya cak.

Ba ta yi guɗa ba. Ta sauko, ta share shigifar, ta kawo tebur da kujera, ta kira Umaima ta hoto. Awa ɗaya cur suna hira, Inna na leƙowa tana yi wa jikarta faɗan ta rame, kiran bai yanke ko sau ɗaya ba.

Da wani ne, da ya tsaya nan. Ita kuwa ta tambayi kanta: in aka ɗauke wuta fa? Washegari ta cika cajin komai, ta zare daga soket, ta rage hasken kwamfutar, ta buɗe kyamara, ta zauna da agogo har kwamfutar ta mutu. Ta sake gwadawa kashegari. Ta rubuta: "Kwamfuta, awa biyu da minti ashirin da biyar, in an rage haske. Maifai, ya fi awa huɗu."

Ranar Asabar ɗin jarrabawa aka wayi gari da iska da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Tun kafin a idar da sallar asuba wuta ta ɗauke. Barira ba ta damu ba, kayanta a cike suke. An raba malaman rukuni biyu, Zakiyya ƙarfe tara, ita goma da rabi.

Tara saura kwata aka yi sallama a zaure. Suhail ne, jiƙe sharkaf, hularsa a hannu. Zakiyya na bayansa, idanunta sun yi ja.

"Yaya Barira," ya ce. Rabon da ya kira ta Yaya har ta manta. "Babu wuta. Ruwa ya shiga janareta, tun ƙarfe bakwai nake ja ya ƙi tashi. Kwamfutar tebur kuwa ba ta da batir. Na zaga shaguna uku, duk a rufe."

"Rauta mai ƙaho huɗun fa?" in ji Inna Delu daga bakin ƙofa. "Ko ƙaho ɗaya bai motsa ba?"

Suhail ya shiga matse ruwan hularsa.

Barira ta gane abin da suka zo nema, ta kuma san abin da zai iya ci mata. In Zakiyya ta fara, ita ce za ta zauna da ragowar caji. In ya ƙare tana tsakiyar jarrabawa, shi ke nan, sai sito.

Inna ta matso ta yi mata raɗa. "Barira, ajinki fa."

"Na sani, Inna."

Ta buɗe littafinta. Awa biyu da minti ashirin da biyar. Jarrabawa biyu, awa biyu. Shiga da tantancewa, minti goma-goma. Abin da zai rage minti biyar ne, in ba a yi ɓarna ba. Ta dubi Zakiyya, wadda ita ma yara talatin da wani abu ke jiranta ranar Litinin. Ta rufe littafin.

"Zakiyya, goge fuskarki ki zauna. Kada ki buɗe komai sai shafin jarrabawa. Kina gamawa ki kira ni in kashe."

Ta hau turmi ta kunna maifai, ta sauko ta kunna kwamfuta, ta danna alamar mafici, komai bi da bi kamar mai karanta fatiha. Suhail ya miƙo hannu. "Hasken ya yi ƙasa, bari in ƙara..."

"Injiniya, mayar da hannunka aljihu. Wannan wani abu ne."

Inna Delu ta kai gefen mayafi baki.

Suka fito suka bar Zakiyya ita kaɗai. Suhail ya tsuguna a zaure yana kallon ruwan da ke zuba daga indararo. Goma da minti bakwai Zakiyya ta fito tana hamdala. Barira ta shiga ta kashe kwamfutar nan take.

Goma da minti ashirin ta sake kunnawa. Caji ya ɗan haura rabi da ƙyar. Ta yi bismilla, ta nuna fuskarta ga kyamara, ta fara. Tambayoyin sun zo mata kamar tsofaffin ƙawaye: yaron da ke juya baƙi, yarinyar da ba ta magana a aji, yadda ake koyar da ƙirga da 'ya'yan tsamiya. Hannunta ne dai ba sauri, da yatsa biyu take bugawa.

Saura tambaya huɗu wani jan gargaɗi ya fito, caji ya kusa ƙarewa. Ta ji kamar ta danna ko me ta gani ta tura. Sai ta tuna abin da take gaya wa yara: mai gaggawa sau biyu yake rubutu. Ta ja numfashi, ta karanta kowace tambaya har ƙarshe, ta amsa. Ta danna wurin turawa. Abin ya juya, ya juya. Ta ɗaga kai ta dubi jakar carbin da ke rataye a ƙusa.

Saƙo ya fito cewa an karɓa. Tana cikin karanta shi karo na biyu fuskar kwamfutar ta yi baƙi.

Da suka ji shiru ya yi yawa suka leƙo. Suka tarar da ita tana rubutu a littafi.

"Yaya, an dace?" in ji Zakiyya.

"An dace. Sai dai lissafina bai cika ba. Awa biyu da minti ashirin da uku ta yi. Ina gyarawa ne."

Bayan mako biyu sakamako ya fito, su biyun duk sun ci. Da yammacin ranar Suhail ya zo, ba kaɗa makulli. Ya tuɓe takalmi tun daga shigifa, ya durƙusa gaban Inna Delu.

"Gwaggo, ki yafe mini. Bakina ya yi gaba da hankalina."

"Allah ya yafe mu duka. Jakin dai ya kai matarka inda jirgin ya kasa."

Ya juya ga Barira yana sosa ƙeya. Ya ce mutanen cikin birni da yawa sun sha dawo masa da maifai suna cewa ba ya aiki, shi kuma yana ce musu kansu ne ba ya aiki. Ko za ta ara masa littafin nan ya kwafa?

Ta miƙa masa. "Ka dawo mini da shi gobe. In kuma ka je haɗa wa wani, ka zauna har ya yi da hannunsa."

"Kafin ka taɓa komai," in ji Inna Delu, "ka fara tambayar tsohuwar gidan inda maigida ke rataye rediyo."

Ranar Litinin Malama Barira ta shiga ajinta. Wata 'yar yarinya a layin baya ta turo allonta tana hawaye, ta ce ita ba za ta taɓa iyawa ba. Malama ta ja kujera ta zauna kusa da ita, ta kama ɗan hannun.

"Wa ya gaya miki? Kawo mu gani. Baƙi ɗaya za mu fara."

Darasi: Rashin sani ba ciwo ba ne, ƙin tsayawa a koya shi ne ciwo. In ka tasa sabon abu a gaba, bi shi ɗaya bayan ɗaya, ka gwada, ka rubuta, kada dariyar wani ta sauke ka daga kan turminka. In Allah ya ba ka sani, koyar da shi da sauƙin kai, domin wanda ka raina yau wataƙila a ƙofarsa za ka yi sallama gobe. Kuma kada ka yar da maganar tsoho don ba ta zo da sunan zamani ba. Ku tura wa 'yan uwa da abokan arziki, musamman uwa ko yayar da ke cewa ita ta wuce koyo.